Nama Mai Lafiya: Yadda Ƙasashe Ke Tsare Shi da Abin da Ya Rage Gare Mu

 Darasinmu na wannan karo a kan nama yake.

Dukkanmu mun san wannan labari. Tunkiya ko sa ya kwana lafiya. Da safe ya ƙi kiwo, kafin azahar ya kwanta. Mai shi ya ga dukiyarsa za ta salwanta, sai ya yi maza ya kira mai wuƙa a yanka kafin rai ya fita, don kada ya zama mushe. Daga nan a feɗe, a kasa kashi-kashi, a yi watanda, kowa ya ɗauki nasa bashi zuwa kaka. Ranar nan gidaje da yawa za su ci miya mai maiƙo. Amma ba safai ake samun wanda zai tambayi abin da ya kwantar da dabbar ba. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya kwantar da ita yana nan cikin jini da naman da aka raba.

A wurin hira mukan ji wasu suna cewa naman ƙasashen Turawa ya fi namu tsabta. Wasu kuma su ce namu ya fi, tun da dabbobinmu ciyawa da harawa suke ci. Domin mu gane gaskiyar magana, bari mu duba yadda wasu ƙasashe ke tsare namansu, da abin da ya sa suka kafa dokokinsu. Daga nan mu dawo gida.

Me ya sa ake sa ido a kan nama?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lissafi a kan cututtukan da ake ɗauka ta abinci. Ta ce kowace shekara mutum miliyan 600 ke yin rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, kuma mutum 420,000 ke rasuwa. A cikin masu rasuwa, 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Nahiyarmu ta Afirka ita ce ta fi shan wahala, inda ake rasa mutum 137,000 kowace shekara.

Haɗarin nama ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko ita ce cutar da dabba ke ɗauke da ita tun tana da rai, kamar ciwon saifa, da tarin fuka, da tsila. Ta biyu ita ce ƙazantar da ke taɓa nama bayan yanka, kamar kashin dabba, da ƙuda, da ruwa marar tsabta, da hannun da ba a wanke ba. Ta uku ita ce sauran magani ko guba da ke maƙalewa a jikin nama. Duk dokokin da za mu ambata a ƙasa, waɗannan ƙofofi uku suke neman toshewa.

Amurka: dokar da ƙazanta ta haifa

A farkon shekarun 1900, manyan mayankun birnin Cikago na ƙasar Amurka sun yi ƙaurin suna wajen ƙazanta. Ana haɗa ruɓaɓɓen nama da mai kyau a niƙa a sayar wa jama'a. Da asiri ya tonu, mutane suka ƙaurace wa nama, ciniki ya faɗi. A shekarar 1906 gwamnati ta kafa dokar duba nama. Dokar ta ce dole ma'aikacin hukuma ya duba dabba tana da rai, ya sake duba namanta bayan yanka, kuma ya sa ido a kan tsabtar mayanka.

Duk da haka, a shekarar 1993 mutum fiye da 700 suka kamu da zawo mai tsanani bayan sun ci niƙaƙƙen naman sa wanda bai gasu sosai ba. Yara 4 suka rasu. Ƙwayar cutar daga hanjin shanu ta fito, kuma ido ba ya ganinta. Saboda haka a 1996 aka ƙara sabuwar doka. Kowace mayanka sai ta rubuta wuraren da ƙazanta ke iya shiga cikin aikinta, ta riƙa lura da su, kuma a riƙa ɗibar nama ana aunawa a ɗakin bincike.

Turai: darasin haukan shanu

A shekarar 1986 aka gano wata sabuwar cuta a shanun Ingila. Saniya takan riƙa firgita, tana tangaɗi, har ta faɗi ta mutu. Aka sa wa cutar suna haukan shanu. Bincike ya nuna daga abinci ta fito. Domin shanu su yi saurin ƙiba, ana niƙa ƙashi da sauran naman matattun dabbobi ana zuba musu cikin dusa. Wato an mai da mai cin ciyawa mai cin nama.

A watan Maris na 1996 gwamnatin Ingila ta bayyana cewa cutar tana iya kama mutum. Dafuwa kuma ba ta kashe ta. Nan take Tarayyar Turai, wadda Ingila ke cikinta a lokacin, ta hana fitar da naman shanun Ingila zuwa ko'ina. Sai a 2006 aka ɗage hanin gaba ɗaya. An hallaka shanu fiye da miliyan 4, kuma mutum fiye da 170 suka rasu a ƙasar.

Wannan masifa ta canza tsarin Turai. Tun daga 1997 aka tilasta kowace saniya ta sami lamba a kunnuwanta biyu, da takardar da ke nuna inda aka haife ta da wuraren da ta zauna. In an sami matsala a nama, ana iya bin sawunsa har zuwa garken da ya fito. A 2006 kuma aka hana ba dabbobi maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai su yi ƙiba.

Amma ko a can ba a rasa maha'inta ba. A shekarar 2013 aka gano ana sayar da naman doki da sunan naman sa a ƙasashen Turai da dama. Awon ɗakin bincike ne ya tona asirin.

Inda Amurka da Turai suka saɓa

Kada mu ɗauka dokokin manyan ƙasashe duk iri ɗaya ne. A Amurka an yarda a sa wa shanu wani sinadari da ke hanzarta girma. Turai ta hana shi, kuma tun daga 1989 ta daina karɓar naman shanun da aka sa wa. Amurka ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A 1998 hukunci ya goyi bayan Amurka, amma Turai ta tsaya a kan bakanta. Daga baya, a 2009, suka daidaita a kan Amurka ta riƙa kai naman shanun da ba a sa wa sinadarin ba.

Haka batun kaji. Amurka ta yarda a wanke kaza bayan yanka da ruwa mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Turai ta hana shigo da irin waɗannan kaji tun 1997. Hujjarta ita ce a tsare tsabta tun daga akurki, kada a dogara ga wanki na ƙarshe.

Domin rage irin wannan gardama, akwai hukumomin duniya da ke tsara ma'auni. A 1924 aka kafa hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya a birnin Faris. A 1963 kuma Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗu suka kafa kwamitin ƙa'idojin abinci mai suna Kodeks. Abin da za mu riƙe a nan shi ne, a cinikin nama mai saye ke gindaya sharaɗi. Wanda bai cika ba, kayansa ba za su shiga ba.

Ƴan uwanmu na Afirka

Wani zai ce wannan duk sha'anin masu kuɗi ne. To, mu dubi Namibiya da Botsuwana, a kudancin Afirka. Ƙasashe ne masu ƙarancin ruwan sama kamar tamu, kuma masu kiwo kamar mu. Sun daɗe suna sayar da naman sa a Turai. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne yaƙi da ciwon baki da kofato. Sun ja dogayen shingayen waya don raba yankin da cutar take da yankin da ba ta. Sun sa wa shanu lamba, sun gina mayanku masu ɗakin sanyi. A watan Fabrairu na 2020 Namibiya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta aika naman sa zuwa Amurka. Sai dai makiyayan da ke bayan shinge, a arewacin Namibiya, ba su samun farashi irin na ƴan uwansu na kudu. Kowane tsari yana da nasa nauyi.

Mu dubi Somaliya kuma. Rayuwar makiyayanta ta dogara ga sayar da tumaki da awaki a Saudiyya, musamman lokacin aikin hajji. A shekarar 2000 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a kudancin Saudiyya, ya kashe mutane. Nan da nan Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga gabashin Afirka. Sai a 2009 aka sake buɗe wa Somaliya ƙofa, bayan an gina wuraren killace dabbobi a tashoshin jirgin ruwa irin su Barbara, inda ake duba su kafin a yi lodi. Makiyayin da dabbobinsa lafiya lau suke, shi ma ya sha asarar waɗannan shekaru tare da kowa.

A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, mutum fiye da 1,000 suka kamu da wata cuta, fiye da 200 suka rasu. Daga sarrafaffen naman wata babbar masana'anta ta fito. Irin wannan ƙwayar cuta tana hayayyafa ko a cikin sanyi. Ashe na'ura da ɗakin sanyi ba su isa ba in babu tsabta da sa ido.

Mu dawo gida

In muka tattara waɗannan labarai, za mu ga kowace ƙasa sai da ta sha wahala kafin ta gyara. Za mu ga kuma dukansu a kan abu guda suka tsaya: a sa ido a kan dabba tun tana garke, har namanta ya shiga tukunya.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan tsari. Dokar kiwo ta shekarar 2004 ta tanadi a duba nama kafin a sayar wa jama'a. Akwai manyan mayanku, waɗanda muke kira abatuwar, a Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Yamai tun 1967 aka gina ta. A ƙananan garuruwa kuma akwai wuraren yanka, inda ma'aikacin kiwo ke zuwa ya duba. Yakan dubi dabba a tsaye. Bayan fiɗa yakan dubi huhu, da hanta, da saifa, da zuciya, ya tsaga kaluluwa. In ya ga ƙuraje a huhu, yana zargin tarin fuka. In ya ga ƴan ƙananan ƙullutai farare cikin tsoka, kamar ƙwayar shinkafa, ya san ƴaƴan tsila ne. Abin da ya lalace ya cire shi, mai kyau kuma ya buga masa hatimi. Aikin da ake yi a Amurka tun 1906, shi ne wannan.

Bambancinmu da waɗancan ƙasashe a nan yake: a can kusan duk naman da ake sayarwa ta gaban mai dubawa yake bi. A wurinmu kuwa ma'aikata kaɗan ne, ƙauyuka da yawa. Yankan suna, da na biki, da na layya, da watanda, duk a gida ake yin su. Saboda haka a ƙauye mu ne masu dubawa na farko, tilas mu san abin da muke dubawa.

Kuma mun taɓa cin nasara. Kakanninmu sun ba da labarin bushiya, wadda ta share garkuna a shekarun 1890. A 1962 aka fara babban gangamin allurar rigakafinta a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Makiyayan da suka yi haƙuri suka kai shanunsu allura suna da kaso a wannan nasara.

Cututtuka uku da ya kamata mu sani

Ta farko ciwon saifa. Dabba takan mutu farat ɗaya. Baƙin jini wanda ba ya daskarewa yakan fito ta hanci, da baki, da dubura. Gawar takan kumbura da sauri, saifar kuma ta yi girma ta yi baƙi. Wanda ya feɗe ta yana iya samun wani miki mai baƙin ɓawo a hannu ko a fuska. Wanda ya ci naman yana iya samun ciwon ciki da zawon jini, har ya kai ga mutuwa. In jinin ya zuba a ƙasa, ƙwayar cutar takan zauna shekaru masu yawa, ta jira wata dabba ta zo kiwo. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a Najeriya. Cutar tana da allurar rigakafi, kuma mutum yana warkewa in ya je asibiti da wuri.

Ta biyu zazzaɓin kwarin Rift, wanda muka ambata a labarin Somaliya. Sauro ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, musamman a shekarar da aka yi ruwa da yawa. Babbar alamarsa ita ce tumaki da awaki su yi ta ɓari a lokaci guda, ƙanana kuma su yi ta mutuwa. Mutum yakan ɗauka ta jini, da ruwan haihuwa, da fiɗa. A daminar 2016 ya ɓulla a yankin Cintabaradan cikin jihar Tawa. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu makiyaya.

Ta uku murar tsuntsaye. Wannan ta zo har ƙofar gidanmu. A watan Fabrairu na 2006 aka gano ta a jihar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya, maƙwabciyarmu. An hana jigilar kaji, masu kiwo da masu saye suka yi asara. In kaji da zabi da agwagi suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, kada a yanka na sauran a ci, kuma kada a ruga da su kasuwa.

Yanka ya halatta, amma cutar fa?

Muna yanka dabbar da ke gargara don mu tsere wa mushe. Niyyar mai kyau ce. Amma mu sani wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta. Hukuncin yanka yana ga malamai, lafiyar naman kuma tana ga likitan dabbobi. Malamanmu ma suna koyar da mu cewa ba a layya da dabbar da ciwonta ya bayyana, ko wadda ta rame ƙwarai. Suna kuma koyar da mu cewa bai halatta mutum ya cuci kansa ko ya cuci ɗan uwansa ba. Dabbar da ta karye ko mota ta buge ta daban take da wadda ta kwanta ba a san dalili ba. Ta farko ana iya yanka ta a ci. Ta biyu sai likita ya gani.

Abin da ke tsere mana a kasuwa

Daga kasuwar Matamaye da sauran kasuwanninmu, dabbobi kan bi ta Ɗan Barto su shiga Mai'aduwa, da Daura, da Kano, har zuwa kudancin Najeriya. Da ransu suke tafiya. Ladan yanka, da fata, da kayan ciki, da ribar mahauci, duk a can suke zama. Ƙasar da ke son sayar da nama maimakon dabba mai rai, sai ta nuna wa mai saye shaidar allura, da shaidar dubawa, da ɗakin sanyi.

Muna da abin alfahari, wato kilishi. A 2023 hukumar kare haƙƙin masana'antu ta Afirka ta ba kilishin Nijar takardar shaidar asali, tare da albasar Galmi. Wannan suna sai an tsare shi. Kilishin da aka shanya a bakin hanya ba rufi, ƙura da ƙuda suna sauka a kansa, ba zai ƙetara nesa ba. Labun da ake shafa masa kuma da gyaɗa ake yin sa, gyaɗar da ta yi funfuna kuwa tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Ana auna gubar da wani ɗan ƙaramin awo mai suna mikirogiram. A kowane kilo na gyaɗar ci, Turai ta yarda da 4 kawai, Amurka kuma har 20.

Masu fesa maganin ƙwari a kan nama ko kifi don korar ƙuda su ma su ji wannan. A 2015 Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya, saboda an sami irin maganin da muke kira fiya-fiya ya yi yawa a cikinsa. Abin da wasu suka ƙi saye don tsoron guba, bai kamata mu ba ƴaƴanmu ba.

Aikin da ke kan kowa

Makiyayi da mai turke:
1. Ya kai dabbobinsa allurar rigakafi duk lokacin da ma'aikatan kiwo suka zo.
2. Kada ya yanka ko ya sayar da dabbar da aka yi wa allurar magani sai kwanakin jira sun cika. Ana rubuta kwanakin a jikin kwalba. Akwai maganin da sai an jira mako 3 ko 4. Ga amfanin karatu ya zo.
3. Dabbar da ta mutu farat ɗaya kada a feɗe ta, ko don fata. A sanar da likitan dabbobi da mai gari. A ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya da tafki, a shinge wurin da ƙaya.
4. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara.

Mahauci:
1. Ya yanka a wurin da aka keɓe, ya bari a duba a buga hatimi.
2. Ya rataye nama, kada ya shimfiɗa shi a ƙasa. Ya raba kayan ciki da tsoka.
3. Ya wanke hannu, da wuƙa, da tebur, da ruwa mai tsabta da sabulu.
4. Ya rufe nama da ƙyalle mai tsabta ko raga. Kada ya fesa masa komai.
5. Kada ya yi babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya ko roba, domin hayaƙinsu guba ne.

Uwargida da mai cefane:
1. A nemi ganin hatimi a inda ake buga shi. A guji naman da ya yi araha fiye da kima, da mai wari, da mai yauƙi.
2. A dafa ko a gasa nama har ja ya ɓace a cikinsa, ruwansa ya fito garau. Haka tsire da balangu.
3. Wuƙa da ƙwaryar da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su kafin su taɓa wani abinci.
4. Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta. In ya kwana, a tafasa shi sosai kafin a ci.
5. A tafasa madara kafin a sha ko a kafa nono.
6. Wanda ya ga baƙin miki, ko zazzaɓi, ko zawo bayan fiɗa ko cin nama, ya je asibiti, kuma ya faɗa wa likita abin da ya taɓa.

To, asarar mai dabba fa?

Mun san wannan ita ce magana mai nauyi. Mutum ya shekara yana kiwon sa, da shi yake sa ran aurar da ɗiya ko sayen hatsi da bazara. A ce masa ya binne shi, abu ne mai ciwo. Watanda ma asalinta taimako ne, maƙwabta ke ɗaukar nama don su rage wa ɗan uwansu asara.

To, mu riƙe taimakon, mu bar naman. Kuɗin da kowa zai biya na kason watanda, a tara shi a ba mai dabba, dabbar kuma a binne. Masu garken unguwa ɗaya, ko ƙungiyar mata masu turke, suna iya kafa asusu kamar yadda ake adashi. Kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu. Wanda likita ya ce ya binne dabbarsa, a ɗebe masa kewa daga asusun. Mai gari, da sarkin fawa, da liman su zama shaidu. In mai dabba ya san ba za a bar shi shi kaɗai ba, ba zai ɓoye ciwon dabbarsa ba. Kuɗin maganin gida guda da ciwon saifa ya shiga yana iya fin kuɗin kason naman sau da yawa, ran da ya tafi kuma ba ya dawowa. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mun ga abin da ya sami Ingila da Somaliya, mun ga na Magarya da Cintabaradan.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ta waɗanne ƙofofi uku haɗari ke shiga nama?
2. Me ya jawo haukan shanu a Ingila, kuma wace shekara aka hana fitar da namanta?
3. Me Namibiya ta yi har ta sami kasuwa a Turai da Amurka?
4. Ku faɗi alamomi uku na ciwon saifa a jikin dabba.
5. A garinku, wa ke duba nama ranar kasuwa? In babu, wa za ku tuntuɓa a ma'aikatar kiwo ko a wurin magajin gari?
6. Ku nemo kwalbar maganin dabbobi, ku karanta kwanakin jira tare da malaminku, ku rubuta su a allo.
7. Yaya za ku tsara asusun taimakon wanda ya binne dabbarsa?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, musamman mahauta da matan gida. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci garkunanmu, ya kai mu damina mai albarka. Amin.